Kunyar ɗan fari a gida mai ɗaki biyu

Ƙarfe 3 na daren jiya ina tsaye a tsakiyar falo, Ummi a kafaɗata, ina kai da komowa tsakanin ƙofa da taga. Wuta ta tafi tun bayan Isha'i, fankar caji ta mutu, yarinya kuma haƙori ke fito mata, sai ƙananan koke-koke take yi tana goga baki a wuyan rigata. Uwarta ta yi barci a zaune, kanta a jingine da bango, ga kayan aikinta na gobe a rataye ko guga ba a yi musu ba. A wannan tsayuwar na tuna maganar da wani abokina ya yaɓa mini ranar Asabar a wurin ɗaurin aure. Wai matarsa ta gan ni a layin allurar riga-kafi, ni kaɗai namiji a cikin mata, riƙe da jaririya da jakar kayanta. Ya dafa ni a gaban mutane ya ce, "Malam, kai kam an gama da kai." Aka yi dariya, ni ma na taya su. Amma maganar ta zauna mini a rai, kuma tunda Ummi ta hana ni barci, bari in amayar da ita.

Ni ɗan fari ne. Har Baba ya koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. "Kai" ne, ko "wannan yaron". Hajiya ma haka, har yau in za ta yi maganata da baƙi sai ta ce "shi wancan". Ba ƙiyayya ba ce, kowane Bahaushe ya san wannan, alkunya ce. An ce mini Baba bai taɓa ɗaukata ina jariri ba, kuma ban riƙe shi da komai ba, domin na san gidan da na tashi. Gidanmu na Gwammaja sassa huɗu ne. Akwai kakata, akwai matan baffannina biyu, akwai Goggo da aurenta ya mutu ta dawo gida, ga 'yan mata na kowane sashe da ke rige-rigen goyo. In jariri ya yi kuka, kafin uwarsa ta wanke hannu daga tuƙin tuwo an riga an saɓa shi a baya an ɗaure da majanyi. Hajiya ta ce akwai ranakun da ba ta ganina sai in yunwa ta sa an miƙo mata ni. A irin wannan gida uba yana da damar yin kunya, domin kunyarsa ba ta bar kowa da wahala ba.

To mu zo gidana. Ɗaki biyu da falo, haya, a Ɗorayi. Maƙwabciyarmu ta dama sai mu yi sati ba mu gaisa ba, don ita ma da sassafe take fita. Hannuwa nawa ne a gidan? Huɗu. In na naɗe nawa biyu da sunan al'ada, saura biyu, kuma su ne dai za su yi girki, su wanke ƙunzugu, su tatsi nono, sannan ƙarfe 8 na safe su kasance a ɗakin gwaje-gwajen asibiti suna ɗibar jinin mutane ba tare da kuskure ba. Mun baro gidan gandu mun dawo gidan haya, mun bar kaka da Goggo a can, amma kunyar ba mu bar ta ba, mun ɗauro ta cikin kayanmu mun taho da ita.

Ba na raina abin da al'adarmu ta tanadar wa mai jego. Da cikin Maman Ummi ya tsufa, Funtuwa ta tafi goyon ciki wurin iyayenta, can ta haihu, can aka yi suna, can ta yi arba'in. Kwana 40 ba ta ɗora tukunya ba, ba ta taɓa tsintsiya ba. Ana dafa mata, ana gasa mata nama, ana karɓar jaririya ta samu ta runtsa. Wanda duk ya tsara wannan ya san jikin mace. Abu ɗaya na roƙi Umma, surukata, a sassauta: ruwan wanka mai tsananin zafi da kunun kanwa safe da yamma. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego a ƙasar Hausa, suka danganta shi da yawan kanwa da zafin da ake gasa jiki da shi. Umma ta dube ni ta ce, "Mu da aka yi mana, ga mu nan da ranmu." Na sunkuyar da kai na ce haka ne, Umma. Daga baya 'yarta ta gaya mini an rage kanwar, ba a dai faɗa mini ba don kada in ji daɗi.

Matsalar ita ce al'ada ta tsaya a kwana na 40, ita kuwa jaririya ba ta san an yi arba'in ba.

Dokar ƙwadago ta Najeriya mako 12 ta ba mai haihuwa, 6 kafin haihuwa, 6 bayanta, kuma rabin albashi kawai ta wajabta wa mai wurin aiki ya biya. Ku lissafa: mako 6 kwana 42 ne, wato ana gama wanka ana neman ta a bakin aiki. In ta dawo, dokar ta ba ta rabin awa sau biyu a yini don shayarwa. Rabin awa, ga macen da jaririyarta ke Ɗorayi ita kuma tana Titin Gidan Zu. Ko a mota ta kanta ba za ta je ta dawo ba, balle a adaidaita sahu. A gefe guda kuma, a wurin awo ana nanata mata cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata 6, ko ruwa kada a ba shi. Duka biyun daga hukuma suke fitowa, ita ce aka bari ta san yadda za ta haɗa su. Wasu gwamnatoci sun gane. Legas ta mayar da hutun ma'aikatanta mata wata 6 tun 2014, Kaduna ta bi sahu a 2019. Gwamnatin Tarayya ta amince wa ma'aikatanta maza hutun kwana 14 a 2021. Amma mu da ke aiki a wurare masu zaman kansu, abin ya danganta da fuskar da oga ya tashi da ita. Ni kwana 3 aka ba ni, har da ranar suna. Ita kuwa ta matse ta yi aiki har cikinta ya kusa shiga watansa, don ta tara kwanakin ta ci su bayan haihuwa. Duk da haka Ummi ba ta cika wata 3 ba uwarta ta koma.

Daga nan muka shiga makarantar da babu wanda ya gaya mana akwai ta. Bayan Asuba ta shayar, sannan ta tatsa a kofi mai murfi. Nas ta ce mana nonon da aka tatsa yana yin awa 4 a ɗaki, kwana 4 a firji. Na ce wannan lissafin mutanen da ke da wuta ne. A Kano, cikin watan Afrilu, zafi ya haura 40 a ma'auni, firjinmu kuwa ya zama kabad ɗin ajiye kwanuka. Sai muka koma sayen ƙanƙara kullum muna jerawa a kula. Na taɓa zubar da abin da ta yi kusan rabin awa tana tatsa, gwiwar hannuna ce ta ture kofin ina neman makullin mota. Ba ta yi faɗa ba. Ta dai tsaya tana kallon tabarmar. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Sai kuma babbar tambaya: a hannun wa za a bar ta? Hajiya ta ce a kawo mata takwararta, don sunanta aka sa wa yarinyar, shi ya sa muke kiranta Ummi. Kuma can muke kai ta. Amma Hajiyar yau ba kakata ta jiya ba ce. Gidan ya watse, baffanni kowa ya yi gininsa, 'yan matan da za su yi goyo duk suna makaranta har la'asar, ga Islamiyya. Tsohuwa ce mai ciwon gwiwa da hawan jini, da wata jikarta da ke taya ta in ta taso. Ranar da Hajiya ke da ganin likita, ranar ɗayanmu zai ƙirƙiro uzuri a wurin aiki. Mun leƙa gidajen rainon yara biyu. Wanda hankali ya kwanta da shi kuɗinsa ya kusa cinye abin da za a fita nema, ɗayan kuma mace ɗaya muka tarar da jarirai sun fi ƙarfin hannunta, muka yi sallama muka fito.

An ba mu shawarar da ake ba kowa: a samo yarinya daga ƙauye. Har an yi mana tayin wata, shekararta ba ta wuce 10 ba. A nan kam ba ni da sassauci. Yarinyar da ita kanta raino take buƙata, a raba ta da uwarta, a hana ta makaranta, a ɗora mata jariri da wanke-wanke, kuɗin kuma wata dillaliya ce ke karɓa a ƙarshen wata. In jariri ya faɗi a hannunta a rufe ta da duka. Mu 'yan boko mu ne kan gaba a wannan, muna rubuta dogon turanci a kan ilimin 'ya mace, 'yar wani tana mana shara a lokacin da ya kamata tana aji. In za ka ɗauki mai taya aiki, ɗauki babbar mace, ka biya ta haƙƙinta a hannunta.

Na san abin da wasu ke shirin cewa: ta ajiye aikin mana, wa ya aike ta? Mace da ta zaɓi zaman gida ta yi rainon 'ya'yanta, wallahi ina girmama ta, aiki ne cikakke. Amma a bar mutane su yi lissafin gidansu, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wane mai albashi ne bai san yadda wata ke tsawo ba? Kuɗin haya, kuɗin mai, famfas da muka koma sa mata sai za a fita unguwa ko da dare. Ban da haka ma, akwai abin da ke ba ni mamaki. Mutumin da zai ce mace ta zauna a gida, shi ne ranar da matarsa ke naƙuda zai tsaya a ƙofar asibiti yana rantsuwa namiji ba zai duba masa iyali ba, sai mace. Wannan likitar, da ungozomar, da malamar da kake so ta koyar da 'yarka, daga sama suke faɗowa? Matan wasu ne. Da yawansu sun baro jariri a gida da zazzaɓi suka zo suka tsaya a kan matarka.

Kada in mai da kaina waliyyi. Watannin farko ni ma ɗan gidanmu ne. In Ummi ta yi kuka da dare ina ji sarai, sai in gyara kwanciya in ƙara lumshe ido, ina ce wa kaina ai ba ni da abin da take nema. In na dawo aiki in miƙe a kujera da waya, ita da muka fita tare muka dawo tare ta wuce kicin da goyo a baya. Abin da ya farkar da ni ba wa'azi ba ne. Wata ranar Laraba ce ta kira ni daga wurin aiki, muryarta na rawa, ta ce ta kusa liƙa sunan wani a kwalbar jinin wani, Allah ya sa abokiyar aikinta ta gani. Ta ce, "Abban Ummi, rabona da barcin awa 3 a jere tun Funtuwa." Ban sami abin cewa ba. Ni da nake gida ɗaya da ita, ɗaki ɗaya, ban sani ba, ko in ce ban so in sani ba.

Daren muka raba. Daga Isha'i zuwa ƙarfe 1 nata ne, daga nan zuwa Asuba in ba yunwa ba ce nawa ne. Na koyi sa ta gyatsa, na koyi canza ƙunzugu a duhu da fitilar waya a baki, na koyi bambance kukan yunwa da na zafi da na rigima kawai. Wanke kofuna da tafasa su ya dawo wuyana. Wanka ne har yau nake tsoro, jariri da sabulu sai ka ce tarwaɗa. Ranakun allura kuma, ta mako 6 a Funtuwa aka yi, amma ta mako 10 da ta mako 14 ni na je, domin ni ne zan iya makara awa 2 a ofis ba a rage mini komai ba. Abin da matar abokina ta gani ke nan.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne masu yi mini dariyar sun fi ni yawan karatun addini. Sun san Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, 'yar Zainab, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Sun san da ya sumbaci Hasan, Aƙra'u ɗan Habis ya ce shi yana da 'ya'ya 10 bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, kuma sun san amsar da ya samu. Sun san Nana A'isha ta ce yana taya iyalinsa hidimar gida. Duk muna jin wannan a wurin karatu muna gyaɗa kai. Sai an ga mutum da jakar famfas a kafaɗa, a ce an shanye shi.

Wadda na fi jin nauyinta a wannan lamari Hajiya ce. Ranar farko da ta ga na karɓi Ummi na shimfiɗa zani ina canza mata kaya a tsakar ɗakinta, sai ta kawar da kai ta ce, "Oh ni, zamani. Ɗan fari da 'yar fari, ko kunya babu." Na yi shiru na ci gaba. Makon da ya wuce kuwa na je ɗaukar yarinyar da yamma, tana ta rigimar haƙori, Hajiya ta yi jijjiga ta yi waƙa duk a banza. Ina yin sallama ta miƙo mini ita tun daga bakin ƙofa, ta ce wa jikarta da ke gefe, "Ba shi, hannun shi wancan ta fi sani."

Wata mai zuwa Ummi za ta cika wata 9, akwai allurar ƙyanda da ta shawara. Na duba katin, ranar ta faɗo Talata, kuma Talata muke da taro a ofis. Tun yanzu na fara tunanin abin da zan gaya wa oga.