Tumbi Bai Tare Kowa Ba

Tunda bidiyon ya riga ya zaga guruf, gara ku ji zancen daga bakina.

Alhamis ɗin bikin godiya ce, ranar da Amurka kaf ke gida ana gasa talo-talo. Ɗan yayata, wannan ƙaton mai lamba 72 da ke buga wa sakandarensu, ya kwashe mu zuwa fili a nan Kolambas, wai yara za su ɗan taɓa ƙwallon Amurka kafin abinci ya nuna. Ba hular kwano, ba sulken kafaɗa. Aka ƙirga, saura mutum ɗaya, aka dubi tumbina aka ce an samu. Ni da na taɓa kayar da maza a kokawar kaka a ƙauyenmu, me zai ba ni tsoro? Na tuɓe rigar sanyi na shiga.

Ashe aikin da aka ba ni ko ƙwallon ba a taɓawa. Mutum biyar ake jerawa a layi: na tsakiya mai miƙa ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa, biyu a gefensa, biyu a ƙarshe, aikinsu su hana kowa isa ga mai jifa. Yaron nan yana ƙarshen hagu, ɓangaren da mai jifa da hannun dama ke ba wa baya, shi ya sa yake jin kansa Orlando Pace ne, gwanin wannan gurbin, wanda ya yi Jami'ar Jihar Ohayo aka ɗauke shi na farko a zaɓen sabbin 'yan wasan NFL, babbar gasar ƙwararru, a 1997. Aka ajiye ni kusa da shi.

"Kawu, buɗe ƙafa daidai faɗin kafaɗa. Sunkuya. Hannu ɗaya a ƙasa, baya a shimfiɗe, kai a sama. Kada ka motsa sai ƙwallo ta motsa. In ya zo, tafi biyu a ƙirjinsa, babban yatsa sama, gwiwar hannu a matse, taku gajere-gajere. Wanda ya fi yin ƙasa shi ke da nasara."

Na ce ka gama? Ya ce ya gama.

Mai jifa ya ce "hot", na zabura. Ashe sun ƙulla ƙwallo ba za ta motsa ba sai ya faɗa karo na biyu. Wani tsohon Bature, maƙwabcin su yaya, wanda ya naɗa kansa alƙali, ya zaro tsumma rawaya ya cilla, aka mai da mu baya yadi 5. Ni dai na san cinyata ce ta gaji da tsugunno ta yi gaban kanta.

Da aka sake, wani dogon yaro ya taho. Na rungume shi ta ƙugu, na saƙala ƙafa, na kai shi ƙasa tsaf. Kaye mai kyau, wallahi, irin wanda a gida sai makaɗa sun sauya kiɗa. Na miƙe ina jiran tafi, sai tsumma. Yadi 10, wai riƙo. Tsohon ya matso yana min bayani cewa in gode Allah, kafin 1978 ko ƙwararrun NFL ba a yarda su miƙe hannu su buɗe tafi wajen kare mai jifa ba. Na ce to ranka ya daɗe, hannun da me ake yi da shi?

Duk wannan Alhaji na gefe. Kun san wanda nake nufi. Kujerar naɗewa, bargo a cinya, fulas ɗin shayi, waya a hannu. Mutumin da tunda ya sauka ƙasar nan ban ga ya yi gudu ba ko don bas, shi ne yake kwaɗa min: "Ƙasa-ƙasa, Malam! Ba ka yi ƙasa ba!" Shi fa har yau shebur ɗina na kwashe ƙanƙara yana garejinsa tun sanyin bara. In na tambaya ya ce gobe yaro zai kawo, yaron kuma ya tafi jami'a. Kuma shi ya ba wa ɗaya ɓangaren shawara su canza min abokin karo, da kunnena na ji.

Suka turo min wani gajere. Kansa bai wuce haɓata ba, ga tabarau an ɗaure da roba ta ƙeya. Har ya ce min "barka da rana, yallaɓai". Na ji tausayinsa, na ƙudura zan bi shi a hankali.

Ƙwallo ta motsa. Na miƙe tsaye in tarbe shi, yadda duk mai hankali zai yi in abu na tahowa. Na miƙa hannu, na damƙi iska, don yaron ya riga ya shige ƙarƙashina. Na ji tafi biyu sun sauka daidai ƙasan haƙarƙarina, babban yatsa sama, gwiwar hannu a matse, duk abin da aka karanta min ɗazu, a jikina ake aikata shi. Numfashi ya fita. Dugadugaina suka bar ƙasa. Daga nan ya fara tafiya da ni, taku gajere-gajere, kamar mai ruwa ya samu gangara da kurarsa. Ina ja da baya ina kallon sama, har na ga jirgi ya wuce. Na ji muryar ɗan yayata daga nesa, "Kawu, ƙugu! Sauke ƙugu!" Wane ƙugu? Ƙugun ya riga ni yin gaba. Na taka ƙafar mai jifanmu, muka zube tare, ni a sama, shi a ƙasa yana kiran uwarsa da Turanci. Hular sanyina ta yi nata wuri. Sannan aka ji ƙarar nan, wadda Alhaji ya maimaita a bidiyon da gangan. Wando ne, kuma ɗinkinsa dama ba shi da kirki.

Gajeren ya miƙo min hannu ya ɗaga ni, ya ɗauko min hula, ya ce "wasa mai kyau, yallaɓai". Na waiwayi tsohon ina jiran tsumma. Ya ce babu laifi ko ɗaya, haka ake koyarwa. Ciyawar ma a jiƙe take, amma ba wanda ya kawo wannan maganar.

Uwargida ba ta ce komai ba a mota, sai kafaɗarta ke rawa. Wasan jami'o'in Jihar Ohayo da Mishigan na ranar Asabar a kwance na kalle shi, gidan duk warin man zafi, ina bin waɗannan ƙattin masu sama da fam 300 da ido yadda suke lanƙwasa gwiwa ba ko nishi. Ɗan yayata ya kira wai akwai ƙarfen turawa na koyon tare mutum a makarantarsu, zai roƙar min koci in riƙa zuwa. Na ce zan duba.

Alhaji, shebur ɗin dai. An ce ƙanƙara za ta sauko mako mai zuwa.