Masu tafiya waje, dan Allah ku daina karɓar saƙon da ba ku buɗe ba

Jama'a maganar haɗa kaya in za a fita ƙasar waje mun ɗauke ta abin wasa, sai daren tafiya ake juye sif a akwati, ga 'yan uwa da maƙwabta kowa ya iso da ledarsa a ɗaure wai a kai wa ɗansa a Landan ko Jidda. Ni dai ra'ayina ɗaya ne, duk abin da ba kai ka saka da hannunka ba, ba ka kwance ka gani da idonka ba, kar ya shiga jirgi da sunanka. Ko na waye kuwa.

Na san kunya ce ke cin mu. Dattijuwa ta tare ka a layin awo ta ce ɗana taimaka min da ƙullin nan kilo ya yi min yawa, wallahi da nauyi ka ce a'a, amma can in kwastam suka buɗe ba ruwansu da labarin wata baba, sunan da ke jikin jakar shi suka sani. Ku tuna ɗalibar nan ta jami'a a Kano da aka kama a Madina a Disamban 2018, an samu tramadol a jakar da aka liƙa wa sunanta alhali ba tata ba ce, sai da ta yi wata huɗu a tsare kafin gaskiya ta fito, kuma Saudiyya ƙasa ce da hukuncin safarar ƙwaya kan kai ga kisa. To ita ko karɓa ma ba ta yi ba, ina ga wanda ya karɓa da hannunsa? Shi ya sa in an gama auna kayanka ka tsaya ka ƙirga 'yan takardun da suka manna maka a fasfo ko tikiti, jaka biyu ka bayar to biyu za ka gani, ka ɗauki hoton jakunkunan da wayarka kafin su wuce.

In saƙon na gida ne da ba yadda za ka yi, a kawo tun ana saura kwana biyu, a kwance a gabanka. Wanda ya ji haushi ya ji.

Sai batun abinci, nan ma muna asarar kuɗi a banza. Kilishi da dambun nama da man shanu ba a shiga da su Ingila daga Najeriya, Amurka ma nama ƙwacewa suke, kuma in ka ɓoye ba ka bayyana a fom ba tara ce ke jiranka. Masu Umara da Hajji kuma goro, shekara nawa hukumar alhazai take gargaɗi a kai amma har yau sai an samu mai cusa shi cikin zani. Kuka da yaji da daddawa a duba dokar ƙasar tukuna, sannan a ninka musu leda sosai, in ba haka ba duk shaddarka sai ta ɗauki warin daddawa. Manja kam ku haƙura da shi kawai.

Yawancin jirage kilo 23 suke ba kowace jaka, ta hannu wajen 7 ko 8, ka auna tun a gida ba sai ka je kana tsugune a gaban mutane kana fitar da takalma ba. Fasfo, katin rigakafin shawara, kuɗi, maganin da kake sha da takardar likita, caja da kaya kala ɗaya duk a jakar hannu, don babbar jaka tana iya yin kwanaki ba ta iso ba. Fawa bank ma a hannu ake riƙe shi, ba a yarda a sa shi a babbar jaka ba. Turare ko mai da ya wuce mililita 100 kuma shi ne zai koma babbar jaka, in ba haka ba a wajen bincike za ka bar shi.

Kuma in lokacin sanyi za ka sauka Turai ka riƙe rigar sanyinka a hannu, kar ka binne ta a ƙasan akwati ka fito daga jirgi da yadi mai shara-shara a watan Janairu.