Wai sai likita, to ina likitan yake?

Wallahi na gaji da wannan jayayya da ake ta yi tsakanin likitoci da nas-nas da ungozomomi kan waye ya isa ya taɓa mai ciki waye bai isa ba. Kullum ka buɗe Facebook sai ka ga wani daga Abuja ko Legas yana kumfar baki wai ana bai wa waɗanda ba likitoci ba aikin da ya fi ƙarfinsu, wai ana wasa da rayukan mata. To malam mun ji, amma dan Allah ka zo ƙauyukan Gombe ta arewa ka nuna min likitan da kake magana a kai, ka zo ka kwana ɗaya da damina ka ga wa ke buɗe ƙofar asibitin da ƙarfe biyun dare. Malamar asibiti ce, wani lokacin ma ba ungozoma bace cikakkiya, irin waɗanda suka yi makarantar kiwon lafiya ta Kaltungo ne, ita kaɗai da tocilan ɗin waya.

Shi kansa ministan lafiya Ali Pate, ɗan Misau ne nan maƙwabtanmu Bauchi, ya faɗa a 2024 cewa likitoci wajen 16,000 sun bar ƙasar nan a 'yan shekarun baya. Waɗanda suka rage kuma mafi yawa suna manyan birane, ban ga laifinsu ba kowa yana son makarantar kirki ga 'ya'yansa da wuta da ruwa, amma kar wanda ya ƙi zaman ƙauye ya dawo yana ɗaure hannun wadda ta yarda ta zauna.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne dokar tana nan a rubuce. Tun 2014 ma'aikatar lafiya ta tarayya ta fitar da tsarin raba aiki, aka ce ma'aikatan lafiya na karkara in an horar da su za su iya karɓar haihuwar da ba matsala, su ba da misoprostol na tsaida jini, su yi allurar farko ta magnesium sulphate ga mai jijjiga kafin a tura ta gaba, su sa abin tazarar haihuwa na hannu. Ungozoma kuwa aikinta ya wuce nan, ana koya mata ciro mabiyiya da hannu in ta maƙale, da wankin ciki bayan ɓari. Kafin nan ma a 2009 an yi shirin tura ungozomomi ƙauyuka. To ina aka kwana? Takarda ta ce ki yi, oga a sama ya ce in wani abu ya faru ke kika sani.

Da idona na gani a kan matar ƙanina. Ta haihu lafiya cikin dare, yaro ya yi kuka muna ta hamdala a waje, sai shiru mabiyiya ta ƙi faɗowa, jini kuma yana zuba har zanin da aka shimfiɗa ya jiƙe aka sake wani. Ungozomar ta fito hannunta yana rawa ta ce min, Yaya ku nemo mota ku kai ta gaba, na iya cirewa an koya min amma wancan karon da na yi sai da aka kira ni ofis aka ce na wuce gona da iri, kuma ko safar hannu doguwa ba ni da ita. Allurar oxytocin ɗin da ta yi mata don tsaida jini ita kanta ba ta yarda da ita ba, don magani ne mai son sanyi firjin kuma ya daɗe da mutuwa. Haka muka kwantar da yarinyar nan a bayan mota, innarta ta riƙe ledar ƙarin ruwa ta taga, hanya duk rami, tana kiran sunanta kar ta yi barci. Muka isa babban asibitin, likita ɗaya ne kuma yana tiyata da wata, kun san wa ya ciro mabiyiyar? Wata dattijuwar ungozoma! Aikin da za a yi tun a garinmu shi aka yi, sai dai bayan ta zubar da jinin da sai da 'yan uwa suka miƙa hannu aka ɗiba aka ƙara mata. Ta rayu Alhamdulillah, amma nawa ne suke cikawa a hanyar nan a juyo da mota ana salati?

Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta mata kusan 82,000 suka rasu a Najeriya a 2020 ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. Zubar jini, jijjiga, doguwar naƙuda, abubuwan da aka san maganinsu tun tuni. Je ka asibitin yoyon fitsari na Ningi ka ga ƙananan yara mata da naƙudar kwana biyu ta lalata, sannan ka zo ka faɗa min matsalarmu ita ce ungozoma ta yi aiki da yawa.

Kuma kar wani ya juya min magana, ban ce kowa ya ɗauki wuƙa ba. Na san akwai masu kemis da ke sa farar riga a kira su dokta, suna yi wa mata allurar naƙuda ba lissafi har mahaifa ta fashe, akwai masu yanka ciki a ɗakin baya, waɗannan a kama su a ɗaure ni zan fara nuna ƙofarsu. Amma haɗa ɗan damfara da ungozomar da ta yi karatu ta ci jarabawa take da lasisi zalunci ne tsantsa. Ita ba da babu gara ba daɗi bace, sana'arta kenan. Mozambik tun shekarun 1980 da likitocinsu suka yi ƙaranci suka horar da ma'aikatan da ba likitoci ba suna yin tiyatar haihuwa a asibitocin karkara, Tanzaniya da Malawi ma haka, da horo na shekaru da sa ido. Mu ko nan ba mu kai ba, ciro mabiyiya da allurar jijjiga muke roƙo.

An ce tun ƙarshen 2024 tiyatar haihuwa kyauta ce ga talaka, madalla, amma sai mace ta isa da ranta tukuna, kuma wadda za ta riƙe ranta kafin ta isa ita ce wannan malamar da kuke tsoratarwa da takardar tuhuma. Shugabannin ƙungiyoyin likitoci da na nas ku zauna ku rubuta a fili abin da ungozoma za ta yi da inda za ta tsaya, a manna a bangon kowane ɗakin haihuwa, a ba ta lambar likitan da zai ɗaga waya cikin dare ya ce mata yi kaza ina tare da ke. A gyara firjin, sola nawa take? A ajiye motar da ke da mai. In kuma kun dage sai likita, to a turo mana shi wannan watan, gidan da zai zauna mu za mu share mu shafa masa fenti.