Wilbert Robinson ya fi ƙarfin labarin garehul

Jiya wani ya sake ɗora labarin garehul ɗin nan na Wilbert Robinson, tsohon ɗan wasa kuma kocin ƙwallon baseball na Amurka, jama'a sai ƙyaƙyata dariya suke. Wallahi raina ya ɓaci. E, abin ya faru: a 1915 a Daytona Beach aka jeho masa garehul daga jirgin sama maimakon ƙwallo, ya fashe masa a ƙirji, ya ɗauka jininsa ne ke zuba. To sai me? Iya abin da kuka sani game da bawan Allahn nan ke nan?

Mutumin da yake tsuguno a bayan mai bugu tun 1886, yana cafe ƙwallo har 1902, lokacin ko kariyar ƙwauri ba a fara sawa ba. Ƙwallo ta doki ƙashin ƙafarka, ka ɗan murza wurin, ka koma ka tsuguna. A 1892 ya fito bugu sau 7 a wasa ɗaya, duk 7 ɗin ya ci. Da shi Baltimore Orioles ta ɗauki kambi shekara 3 a jere, 1894 zuwa 1896.

Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ake manta cewa Robinson gwanin gyaran masu jifa ne. Rube Marquard, an saye shi dala 11,000, 'yan jaridar New York suka ce ƙungiyar garinsu, Giants, ta yi asarar kuɗinta. Robinson ya zama koci a Giants, ya riƙe yaron da lallashi da haƙuri, sai ga shi a 1912 ya ci wasa 19 a jere. Dazzy Vance kuwa har ya kai shekara 31 ana ta yar da shi. Ya shigo hannun Robinson a ƙungiyar Brooklyn a 1922, shekara 7 a jere babu wanda ya kai shi fitar da masu bugu a gasar National League. Wawa ne zai yi wannan? Ku faɗa mini, wawa ne?

Kada wanda ya kawo mini zancen 'yan wasansa 3 da suka taru a tasha ɗaya a 1926. Shi ya yi gudun? Masu cewa bai ci World Series ba, wato gasar ƙarshe ta fidda zakara, na ji. Sau 2 ya kai Brooklyn can, 1916 da 1920, kuma shekara 18 yana riƙe da ƙungiyar, har aka riƙa kiranta Robins saboda shi. Mutum ne mai fara'a, yaransa na kiransa Uncle Robbie, shi ya sa aka raina shi. Da mai ɗaure fuska ne, da yanzu ana ta yi masa kirari.

Ni abin da ke ba ni tausayi ma shi ne tsakaninsa da John McGraw, manajan Giants. Aminai ne tun Baltimore, har kasuwanci suka yi tare, suka ɓata a 1913 bayan Giants ta faɗi a World Series. Shekara 17 ba ko gaisuwa. Sai a 1930 suka shirya, kuma dukansu a 1934 suka rasu, kusan wata 6 tsakani.