Wai Kirista yana da lasin na yin zunubi?

Jiya a cikin trotro daga Nima wani ɗan'uwa yake cewa ai Kiristoci sun huta, tunda Yesu ya ɗauke musu zunubi sai su yi ta sheƙe ayarsu. To gaskiya ba haka koyarwarsu take ba.

Su dai sun yarda cewa tun faɗuwar Adamu ba ɗan adam ɗin da ya tsira daga zunubi, a Baibul, wasiƙar Romawa 3:23 ta ce kowa ya yi, har fasto kuwa. Shi ya sa suke cewa ceto kyauta ne, alherin Allah ne ta wurin bangaskiya, ba ladan aiki ba, kamar a biya maka bashin da ko shekara nawa ka yi kana sayar da koko ba za ka iya biya ba, duba Afisawa 2:8-9.

Amma fa Manzo Bulus ɗin da ya rubuta waɗannan wasiƙun shi da kansa ya tambaya a Romawa 6, mu ci gaba da zunubi don alheri ya ƙaru? Ya ce sam! Yakubu ma, wanda shi ma yake da wasiƙa a Baibul, cewa ya yi bangaskiyar da ba aiki matacciya ce. Katolika da Furotesta dai sun sha musu kan matsayin aikin nan tun zamanin Martin Luther, wanda ya fara tafiyar Furotesta a 1517.