Ɗana yana aji ɗaya da kowa, ƙanwata kuwa ta tsaya a aji uku

Ranar da likita a nan Italiya ya tabbatar mana cewa ɗanmu na biyu yana da galahanga, wato lalurar da ake kira autism, tambayar da ta fara fitowa daga bakina ita ce: to wace makaranta ce take karɓar irinsu? A raina har na fara lissafin kuɗin mota, don na ɗauka akwai wata makaranta can bayan gari, mai doguwar katanga, inda ake tara su. Matar da ke yi mana bayani ta tambayi unguwarmu, sannan ta ambaci makarantar da yayansa yake zuwa. Na ce mata da alama ba ta fahimce ni ba. Ta ce ta fahimce ni sarai, can zai je.

Yanzu yana aji huɗu na firamare a wani ƙaramin gari kusa da Brescia. Ajinsu bai wuce yara 20 ba, domin ƙa'ida a nan ita ce a rage yawan 'yan aji idan akwai yaro mai buƙata ta musamman a ciki. Ban da malaman aji, akwai malamar tallafi, wadda suke kira sostenyo. A doka ba malamar ɗana ba ce shi kaɗai, ta ajin ce gaba ɗaya, don kada ya zama wani baƙo da aka ajiye a lungu shi da mai tsaronsa. A farkon kowace shekara mukan zauna, mu iyaye da malamai da ma'aikatan lafiya, a rubuta takardar da ta fayyace abin da ake so ya iya kafin shekara ta ƙare da hanyar da za a bi. Nakan sa hannu, nakan kuma yi gardama idan ban gamsu ba. Amma abin da ya fi taɓa zuciyata ba ya cikin takardar. Ɗana ba ya jure ƙarar ƙararrawa. Wata yarinya da ke zama kusa da shi ta lura da haka tun suna aji ɗaya, kullum kafin a kaɗa sai ta miƙa masa abin toshe kunnensa. Ba wanda ya sa ta. Yaran nan 19 za su girma sun san cewa mutum irin ɗana ɗan ajinsu ne, sun san abin da ke ɓata masa rai da abin da ke sa shi dariya.

Duk ranar da na raka shi bakin ƙofar makaranta, ƙanwata nake tunawa.

Shan inna ya kama ta tana shekara biyu, ya tafi da ƙafafunta. Kanta kuwa lafiya lau, ta fi ni kaifin lissafi nesa ba kusa ba. Inna ce ta fara goya ta zuwa firamaren unguwarmu, daga baya ni na riƙa ɗaukar ta a keke. Malaminsu mutumin kirki ne, a gaba yake zaunar da ita. Matsalar ita ce bayan gida. Masai ne na rami, ƙasansa kullum a jiƙe, ita kuwa da hannu take tafiya. Sai ta daina shan ruwa da safe don kada fitsari ya kama ta a makaranta. Da damina kuma sai ta yi mako ba ta je ba saboda taɓo. Da ta kai aji uku, aka ba mahaifinmu shawara ya kai ta makarantar naƙasassu a babban birnin jiha, ta kwana. Baba ya ce ba zai iya sakin yarinya 'yar shekara tara, wadda ba ta iya tsayuwa, ta tafi inda ba ta da kowa ba. Har yau ban ga laifinsa ba. Babu wanda ya kore ta. Zuwan ne ya yi ta raguwa har ya tsaya, kuma ba wanda ya zo gida ya tambayi dalili. Da an yi mata gangare na siminti a bakin aji da bayan gida mai tsabta, da ta gama sakandare.

Kada wani ya ɗauka cewa Italiyawa da haka suka tashi. Har cikin shekarun 1970 suna da makarantu na musamman da kuma azuzuwan ware, kuma a birane irin su Turin da Milan an riƙa cusa 'ya'yan talakawan kudu da suka zo ci-rani a waɗannan azuzuwa, ana cewa ba su da ƙwaƙwalwa, alhali yaren gidansu ne ya bambanta da na makaranta. Iyaye da malamai ne suka tayar da ƙura. A 1971 doka mai lamba 118 ta ce yara masu naƙasa su yi karatun dole a azuzuwan kowa, ko da yake ta bar ƙofar togiya ga masu lalura mai tsanani. A 1975 kwamitin da Sanata Franca Falcucci ta jagoranta ya ce makaranta ce ya kamata ta sauya domin yaro. A 1977 doka mai lamba 517 ta soke azuzuwan ware, ta kawo malaman tallafi. A 1987 kotun tsarin mulki ta ce haƙƙin ya haɗa da babbar sakandare, sannan doka mai lamba 104 ta 1992 ta tattara komai wuri ɗaya. Lokacin da ƙasashe 92 suka hallara a Salamanka ta Sifaniya a 1994 suka amince cewa makarantar kowa ta karɓi kowa, Italiya ta riga ta yi shekara 17 a kan hanya. Yau sama da yara 300,000 masu naƙasa ne ke cikin makarantunsu na yau da kullum.

Ba zan ɓoye raunin tsarin ba, don a jikina na ji shi. A shekara huɗu ɗana ya yi malaman tallafi uku. Yaro mai galahanga kuwa, sauyin fuska kaɗai yana iya mayar da shi baya wata biyu. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasar sun nuna cewa fiye da rabin irin waɗannan yara ana sauya musu malami daga shekara zuwa shekara, kuma da yawa daga cikin malaman na wucin gadi ne, ba su da horo na musamman. Akwai shekarar da ya fi zama a wani ɗan ɗaki shi da malamarsa fiye da zama a aji, sai da muka yi ta kai da komo kafin a gyara. Duk da haka, a cikin duk rigimar da muka yi, ba a taɓa tambayar ko ya cancanci zama a makarantar ba. Gardamar kullum a kan abin da makaranta ta gaza yi masa ce.

A gida kuwa ba doka muka rasa ba. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa a 2010. A watan Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna musu wariya, wadda ta ce makarantun gwamnati su zama na kowa, a samu aƙalla ma'aikaci ɗaya mai horo a kowace, karatu kuma kyauta har sakandare. Ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen gwamnati, wa'adin ya cika a 2024. Da na je gida bara na leƙa tsohuwar firamarenmu. Matakalar bakin aji tana nan yadda na bar ta.

Na san abin da malami a Kano ko Gusau zai ce mini, kuma yana da gaskiya: ina da yara 120 a aji, wasu a ƙasa suke zaune, albashina ba ya kai ni ƙarshen wata, sannan ka ce in ƙara da makaho da kurma? Ba a fafe gora ranar tafiya. Shi ya sa ba na goyon bayan a wayi gari a rufe makarantun naƙasassu irin ta Tudun Maliki a Kano ko makarantar makafi ta Gindiri, wadda take aiki tun 1953. A can ne ƙwararrun suke, su suka iya rubutun makafi da maganar hannu. Abin da nake so shi ne aikinsu ya faɗaɗa: su zama cibiyoyin da malamai ke fita daga cikinsu suna zagaya firamarorin ƙananan hukumomi, yaro makaho ya zo ya koyi rubutunsa da tafiya da sanda na wani lokaci, sannan ya koma ajin unguwarsu. Kwalejin Ilimi ta Musamman da ke Oyo, da Jami'ar Jos, da Jami'ar Bayero suna yaye masu wannan ilimi kowace shekara. A ɗauke su aiki, a tura su inda yaran suke. Makaranta ɗaya ko biyu a jiha mai mutum miliyoyi ba za ta taɓa ɗaukar yaran ba. Ga mafi yawansu, idan makarantar unguwa ba ta karɓe su ba, abin da ya rage shi ne zaman ɗaki ko ƙoƙon bara.

Batun kurame daban yake, kuma a nan nake ganin Italiya ta yi sake. Sai a 2021 ta amince da maganar hannunta a hukumance. Kurma ɗaya tilo a cikin masu ji, ba mai fassara, ba abokin hira, kaɗaici ne aka jefa shi ciki ko da benci ɗaya suke zama. Gara a tara kurame da dama a makaranta ɗaya ta kowa, a koya wa masu ji maganar hannu, kamar yadda wata makaranta a garin Cossato na Italiya take yi tun shekarun 1990. Mu kuwa muna da tamu maganar hannun ta ƙasar Hausa, wadda za ka ga kurame da masu ji suna ciniki da ita a kasuwa, amma makarantu suka bar ta suka ɗauki wadda aka samo daga ta Amurka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne jin wasu suna cewa haɗa yara aji ɗaya al'adar Turawa ce. A makarantar allon da na yi akwai makaho, tabarma ɗaya muke zama, wani ya biya masa ya haddace, kuma ya riga mu sauka. Ƙasar Hausa cike take da makafi mahaddata. Mun taso muna karanta Suratu Abasa, mun san a kan Abdullahi ɗan Ummi Maktum ta sauka, makahon da ya zo neman ilimi a majalisar da manyan Ƙuraishawa suke zaune, wanda daga baya ya zama ladani a Madina. Raba yara gida biyu da sunan taimako, da makarantar boko ya zo mana.

Makon jiya na kira ƙanwata. Ɗinki take yi a gida yanzu, ita ce kuma take riƙe wa matan layinsu lissafin adashi, duk a ka. Ina ba ta labarin makarantar ɗan nata, malamai da taro da takardu, sai ta katse ni. Ta ce, "Yaya, bayan gidan makarantar tasu, keken guragu yana shiga?" Na ce yana shiga, har da ƙarfen da ake riƙewa a jikin bango. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce in miƙa masa wayar su gaisa.