Igiyar jan mota, daga Jamus zuwa hanyar Ringim

Wani ɗan bidiyo ya zagaya wayoyin 'yan garinmu makon jiya. Mota ƙirar Sharon ce ta mutu da almuru a hanyar Ringim, aka ɗaure ta a bayan Golf da igiyar ɗaure buhu, tsayinta ya haura taku goma. Ɗan acaɓa ya fito daga hanyar gona, bai ga igiyar ba, ya ratsa tsakanin motocin. Allah ya taƙaita, a karaya abin ya tsaya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne masu cewa mutanenmu ba su waye ba. Direban da ya tsaya ya ja ɗan'uwansa kyauta bai cancanci zagi ba, bayani ya kamata a yi masa.

A nan Jamus jan mota yana da doka tiryan-tiryan. Tazarar da ke tsakanin motocin biyu ba za ta wuce mita 5 ba, kuma dole a sa wa igiyar alamar da za a gan ta, kamar jan ƙyalle a tsakiyarta, don gudun irin abin da ya sami wannan bawan Allah. Motocin biyu duk sai sun kunna fitilun gargaɗi masu ƙyaftawa. Idan a Autobahn ne, babban titinsu, a mafita ta farko za ka sauka. Kowace mota tana ɗauke da alama mai kusurwa uku da riga mai ƙyalli, wadda aka wajabta tun 2014. A titin karkara ana ajiye alamar kamar mita 100 a bayan motar, kuma ba a wahalar awo, don fararen sandunan gefen titi mita 50 ne tsakaninsu. Daga nan sai direba ya tsallaka bayan shingen ƙarfe, ya kira ADAC, ƙungiyar masu mota da aka kafa a 1903. Bakanike zai zo cikin mota ruwan ɗorawa, akasari ya gyara a wurin, don batir ne ke jawo fiye da kashi 40 cikin 100 na kiran da suke samu. Sai abin ya gagara ake turo janwe.

Da yawa daga cikin wannan ba ya buƙatar ko sisi. Kada a ɗaura igiya a bamba ko a ƙarfen sitiyari. Motocin Turai da yawa suna da zoben ja mai zare a but, kusa da jak. Ana buɗe ɗan murfi a bamba a ɗaura shi, kuma a wasu motocin Volkswagen ta hagu ake murɗawa. A bar makulli a kunne don kada sitiyari ya kulle a kwana, giya a firi. Wanda ake ja ya sani cewa tunda inji ba ya aiki, birki zai yi tauri bayan taku biyu ko uku, sitiyari ma zai yi nauyi. Aikinsa shi ne ya riƙe igiya a miƙe, don da zarar ta saki, fizga ɗaya ce za ta tsinke ko ta ɓalle ƙarfe. Mota otomatik kuwa, littafin yawancinsu ya ce kada a wuce gudun kilomita 50 a awa ko nisan kilomita 50, saboda man giya ba ya zagayawa idan inji a kashe yake. Daga Haɗeja zuwa Kano ya ninka wannan nisan, sai a je an ƙone giyabos ana neman gyaran fulogi.

Tsarinsu ya fi namu kiyaye rai, ban musa ba. Amma a nan mutum zai yi awa guda a tsaye cikin sanyi, motoci ɗaruruwa su wuce, ba mai rage gudu ya ce sannu. Idan ba ka biya ADAC kuɗin shekara ba, kiran janwe kaɗai zai cinye maka Yuro ɗaruruwa. A hanyar Gumel kuwa, kafin ka buɗe bonet manomi ya ajiye fartanya ya zo turi, yaro ya ruga kiran mai faci, wani ya kawo ruwan lagireto a jarka, idan dare ya yi a ba ka tabarma da tuwo. Wanne ADAC ne zai yi maka haka? Lambar 122 ta hukumar kiyaye haɗurra tana nan, sai dai a ƙauye jama'ar gari su ke fara isowa.

Ganyen da muke zubawa a titi ba ya ƙyalli da dare, duwatsun da ake tare taya da su kuma a kwashe kafin a tafi, don su ma suna kayar da babura. Ina roƙon iyayenmu shugabannin tasha da ke karɓar kuɗin lodi kullum: a sa mai walda ya haɗa sandar ja ta ƙarfe mai tsawon mita biyu, ko da guda biyu a kowace tasha, duk direban da motarsa ta mutu ya aika a ɗauko masa.